Sharhi kan Project Zomboid: Shin Rashin Garkuwa Aibi Ne?

Wata takwas ke nan ina buga Project Zomboid a kan wata tsohuwar kwamfuta da na saya a Circle, cikin birnin Accra, galibi bayan sallar isha'i, lokacin da hayaniyar unguwar Nima ta ɗan lafa. Kamfanin The Indie Stone ne ya ƙirƙiro wasan, ya shiga Steam, kasuwar sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, a shekarar 2013, labarinsa kuwa yana faruwa ne a jihar Kentucky ta Amurka a watan Yulin 1993, bayan wata annoba ta mayar da mutanen yankin zombi, wato gawarwaki masu tafiya waɗanda ba su da buri sai cizon mai rai. Abin da ya sa nake wannan sharhi tambaya ce da ɗan yayata ya yi mini ranar da ya fara gwada wasan. Zombi biyu sun ritsa shi a ɗakin girki, ya yi ta dannan maɓallai, sannan ya juyo ya ce, "Kawu, wai ina maɓallin kare duka ne?" Na ce masa babu, kuma babu garkuwa. Ya ce to ai wasan bai cika ba.

Da farko ni ma haka na ɗauka. Duk wanda ya taɓa kallon dambe ya san cewa ɗan dambe yana da hannu biyu masu aiki daban: wanda aka naɗe da zare shi ne mashi, ɗayan da yake miƙawa gaba da tafi a buɗe shi ne garkuwa. 'Yan boksin na Bukom, unguwar Accra da ta fitar da zakaran boksin Ike Quartey, su ma da tsare fuska suke farawa kafin a koya musu kai naushi. Sai dai garkuwar ɗan dambe tana da amfani ne domin abokin karawarsa mutum ne mai hankali, yana kai bugu ya janye, yana jin zafi, yana tsoron faɗuwa, kuma shi kaɗai ne a gabanka. Zombi ba ya janyewa. Kama ka yake yi ya riƙe, idan ka tare na gaba da garkuwa to ka tsaya ke nan wuri ɗaya, tsayuwar kuma ita ce damar da na gefe da na baya suke jira.

Abin da wasan ya bayar a madadin garkuwa shi ne hankaɗawa. Kana iya ture zombi ya ja baya ko ya faɗi, idan ya faɗi ka taka masa kai ko ka sauke masa gatari. Turewar tana saya maka daƙiƙa ɗaya ko biyu ne kawai, kuma idan mutumin da kake sarrafawa a wasan ya gaji har ya fara haki, ƙarfin bugunsa da saurinsa duk suna raguwa. Rauni ma ba a ɗauke shi da wasa ba: a tsarin wasan na asali, yakushin zombi yana jawo kamuwa da cutar da kashi 7 cikin ɗari, yanka mai zurfi kashi 25, cizo kuwa ɗari bisa ɗari ne, ba shi da magani. Da a ce akwai maɓallin da zai soke cizo duk lokacin da ka danna shi a kan kari, da waɗannan alƙaluma sun zama ado kawai, domin ƙwararren ɗan wasa zai haddace lokacin dannawa ya daina jin tsoro.

Na gane haka sosai a daren da na rasa mutumin da ya fi daɗewa a hannuna, wanda ya yi kwana 41 a raye a garin Rosewood. Na shiga ofishin 'yan kwana-kwana neman gatari, na tarar da zombi uku a wani siririn lungu. Na ture na farko, na sare na biyu, ina cikin murna ban lura ba ashe ƙarar faɗan ta jawo wani ta ƙofar da na bari a buɗe. Ta baya ya cije ni a wuya. Na zauna shiru ina kallon allo, fanka tana juyawa a kaina, ina sane da cewa komai na ɗaure raunin kwanaki kaɗan suka rage masa. Da na sake nazarin abin, sai na ga cewa ko garkuwar ƙarfe nake riƙe da ita ba za ta cece ni ba, saboda kuskuren ya auku ne tun kafin faɗan, lokacin da na shiga ban rufe ƙofa ba kuma ban duba mafita ba.

A gaskiya wasan yana da irin tasa garkuwar, sai dai sawa ake yi a jiki. Rigar fata, safar hannu, takalmi mai kauri da kayan 'yan kwana-kwana duk suna rage yiwuwar haƙori ko farce ya ratsa, kuma wanda ya koyi ɗinki yana iya yi wa tufafinsa faci da ƙyallen fata ya ƙara musu kauri. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai domin kariyar tana da farashi. Tufafi suna yagewa, masu nauyi suna sa zufa da gajiya a zafin Yuli, kuma ba su taɓa ba ka tabbaci ba, rage haɗari kawai suke yi.

Ba na cewa garkuwa ba ta da gurbi a kowane wasan zombi. Na buga Dying Light na kamfanin Techland na ƙasar Poland, wanda ya fito a 2015, inda ake iya ƙera garkuwa, kuma ta dace da shi, domin can jarumi kake, mai tsalle daga rufi zuwa rufi, kana kuma faɗa da mutane masu makamai. Inda ɗan yayata yake da gaskiya shi ne nan: idan ana buga Project Zomboid da jama'a ta intanet, wani ɗan wasa ya zo maka da sanda, rashin hanyar tare bugu yana sa faɗan ya zama wanda ya riga kai hannu shi ne da nasara. A wannan fage zan yi maraba da karewa, da sharaɗin ta ci ƙarfin jiki, ta lalata makamin da aka tare da shi, kuma kada ta yi aiki a kan cizo.

Ga mai son saye, wasan ba ya buƙatar kwamfuta mai tsada, ko da yake tawa tana ɗan jan ƙafa idan zombi suka yi dandazo a birnin Louisville. Ɗan yayata har yanzu yana kan bakansa cewa ya kamata a ce ana iya ɗaukar murfin tukunya a kare kai da shi. Amma a makon jiya na leƙa na same shi ya zaunar da mutuminsa a bene, labule a sake, yana yi wa hannun rigarsa faci kafin ya fita neman abinci.