Yadda ake tsare mai da direba a motocin Jamus

Yaya Sani barka da war haka, ya iyali ya kasuwa. Maganar da ka min ta son saka tiraka, wato na'urar bin diddigin mota, a tirelolinka guda biyu saboda gas ɗin da ke ɓacewa a hanya, to bari in gaya maka yadda abin yake nan Hamburg inda nake tuƙi, don wallahi ya wuce yadda ake ɗaukarsa a gida.

Nan babu direban da ake damƙa wa kuɗin mai a hannu, kati kamfani ke ba ka na shan mai, kana sha a gidan mai lissafin ya tafi ofis da lambar mota da lokaci da yawan lita, ita kuma motar kanta tana aika musu abin da inji ya ƙona ta na'urar da ke cikinta. Tirela mai tan 40 tana shan kamar lita 30 a kilomita 100, to in taka ta fara shan fiye da haka za a kira ka, kuma ba lallai a ce sata ka yi ba, wani lokaci iskar taya ce ta ragu ko kana barin inji a kunne kana tsaye ko kana taka birki da ƙarfi ba dalili, duk suna gani a kwamfuta har ma a ba ka maki ƙarshen wata. Ba za ka ga mai jarka da tiyo yana jiran tirela a bakin hanya kamar yadda ake yi wajen Tafa ko Mararrabar Jos ba.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne takograf, na'urar cikin mota da ke rubuta awannin tuƙi da hutun direba da gudun mota. Kowane direba na da katinsa mai hotonsa da yake zurawa kafin ya tayar da mota, kuma dokar Tarayyar Turai ce ba ta kamfani ba, in ka yi awa 4 da rabi kana tuƙi dole ka huta minti 45, a rana awa 9 kawai sai sau biyu a sati a yarda ka kai 10, a sati kada ka wuce awa 56, sati biyu a haɗe 90. Motar kuma an ɗaure ta ba ta wuce gudun kilomita 90. Ranar Lahadi ma manyan motoci ba sa hawa titi sai ƙarfe 10 na dare, sai masu izini na musamman. In jami'an BALM, hukumar Jamus mai duba manyan motocin kaya, ko 'yan sanda suka tsayar da kai katin nan suke karantawa, in an karya doka tara ta hau direba ta hau mai kamfanin ma, shi ya sa oga ba ya iya bugo maka waya ya ce ko ta halin ƙaƙa kaya su isa kafin asuba.

Ka tuna yaran nan namu da ke tasowa daga Legas su nufo Kano ba barci sai goro da shayi da ƙwaya, mutum nawa muka rasa a haka. 'Yan rod sefti sun fara tilasta na'urar rage gudu tun 2017 amma awannin barcin direba wa ke duba su.

Don haka Yaya ka saka tirakar, ka sa har da mai auna tanki in da hali, amma ka zauna da direbobinka tukun ka gyara musu kuɗin hanya, ka lissafa abin da ake karɓa a shingaye da kuɗin abincinsu da na yaron mota, don da yawansu daga gas ɗin nan suke cike giɓin, in ka toshe ba ka ƙara musu komai ba wayar tirakar za su tsinke su ce ba sabis a dajin. Kuma in ka ga a wayarka mota ta yi awa 12 tana tafiya ba tsayawa ka kira shi da kanka ka ce ya faka ya kwanta. Ka turo min samfurin motocin in tambayi makanikenmu irin na'urar da za ta dace da su. A gaida Hajiya da yara.