Jakar goyo mai lita 65 a hanyar Bagazam: inda ta yi ƙoƙari da inda ta gaza

Jakar da nake magana a kai irin ta masu hawan dutse ce, mai cin lita 65, da sandunan alminiyam biyu a cikin bayanta da ɗamara mai kauri a ƙugu. A wajen 'yan gwanjo na babbar kasuwar Maradi na saye ta, na kuma yi kwana tara da ita a ƙafa a duwatsun Abzin cikin watan Janairu, daga gefen Tabelot zuwa saman Bagazam, inda ƙololuwa mafi tsawo a Nijar take, mita 2,022.

A irin wannan tafiya ruwa ne kaya. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma mai hawan gangare yana buƙatar lita biyar zuwa shida a yini, da na sha da na shayi da na dahuwa, ko da lokacin sanyi ne. Ƙara bargo, rigar sanyi, ƙaramar tukunya, garin rogo, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino da cuku, sai ka ga sikeli ya nuna kilo 18. Ga mutum mai kilo 70, wannan ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, kuma bai kamata a wuce nan ba.

Ɗamarar ƙugun ita ce darajar jakar nan. Sosonta mai tauri ne, faɗinsa ya kai tafin hannu, kuma idan ta zauna daidai a kan ƙashin ƙugu sai nauyin ya bar kafaɗa ya koma ƙafafu. Amma ɗaurin yana da tsari, kuma mutane da yawa a nan suke kuskure. A sassauta duk igiyoyi tukuna. A ɗaure ƙugu, sannan a ja na kafaɗa har jakar ta manne da baya, sannan ƙananan igiyoyi biyu na saman kafaɗa waɗanda ke jawo kan jakar zuwa wuya, na ƙirji shi ne na ƙarshe. Wanda ya fara da kafaɗa, kafin azahar yatsunsa sun fara mutuwa, domin igiyar tana danne jijiya. Kafin a biya kuɗi ma a gwada tsawon bayan: daga ƙashin nan da ke tasowa a gindin wuya idan an sunkuya, zuwa saman ƙashin ƙugu. Idan bayan jakar ya fi naka tsawo, babu ɗaurin da zai gyara ta.

Shirin kaya ma haka. Bargo a ƙasa, gorunan ruwa a tsakiya manne da baya, kayan da ba su da nauyi a sama da gefe. Hanyoyin hawa Bagazam na jaki ne, matsattsu, duwatsun kuma suna motsi a ƙarƙashin ƙafa. Ruwan da aka ɗora a sama ko aka rataya a waje yana fizgar mutum baya a daidai lokacin da ya ɗaga ƙafa. A nan sandunan alminiyam suka yi aikinsu, jakar ba ta lanƙwashe ba, ba ta kuma yi lilo ba.

To, sai inda ta gaza. Aljifan gefe na raga ne, kuma raga da ƙaya ba sa shiri. Tun rana ta biyu aduwa da farar ƙaya suka yaga na dama, gora mai lita ɗaya da rabi ta suɓuce ta fashe a kan dutse. A wurin da tsakanin ruwa da ruwa yini guda ne, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Maganinsa mai sauƙi ne: baduku ya ɗinke aljifan da tamfol ko fata mai laushi tun a gida.

Zif ɗin ƙasa shi ma bai jure ƙura ba. Yashi yana shiga tsakanin haƙoran, ya cinye cikin kan zif ɗin, sai ka ja shi ya bar baya a buɗe. A goge haƙoran da tsohon buroshi kowace yamma, a matse kan da filaya kaɗan kaɗan idan ya buɗe. Kada a shafa man inji ko man shafawa, ƙura suke kamawa su mai da ita taɓo. Makullin roba na ɗamara kuwa ya tsage da aka taka shi a kan dutse da asuba. Robar gwanjo ta riga ta sha rana, sanyin saman dutse kuma yana ƙara mata gautsi. Makulli ɗaya na ajiya mai faɗin ɗamarar, da basilla da zaren nailan, ba su kai nauyin dabino goma ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya tashi babu su.

Rigar ruwan sama da ta zo da ita ba ta da amfani a rani, sai dai ta tare ƙura a cikin motar Agadas.

Ga mai tafiyar sama da kwana uku, jakar ta ci kuɗinta idan an yi waɗannan gyare-gyare. Mai yini ɗaya ko biyu, ko wanda jagoransa zai zo da jaki, ta lita 35 ta ishe shi. A kasuwa kuma a yi hattara, akwai masu kama da ita sak waɗanda babu ƙarfe a cikinsu. A kama sama da ƙasa a gwada ninke ta. Idan ta naɗu kamar tabarma, a ajiye ta. Idan ta ƙi, a sa mai kaya ya zuba gorunan ruwa shida a ciki, a goya, a zaga layin sau biyu kafin a fara ciniki.