Gidan Makama ko Hasumiyar Gobarau: ina za a kai yara a hutun nan?

Hajiya, na ga tambayarki: kuna Zariya, yara uku, babban ɗan shekara 13, autar 'yar shekara 5, kuma maigida ya ce wuri ɗaya za a je, ko Gidan Makama a Kano ko Hasumiyar Gobarau a Katsina. In za a bi tawa, a fara da Kano, kuma autar nan taku ce dalilina.

Gidan Makama gida ne sosai, mai zauruka da tsakar gida, ga shi nan daura da Ƙofar Kudu ta fadar Sarki. A ƙarni na 15 aka gina shi domin Muhammadu Rumfa lokacin yana Makama, kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Yanzu gidan adana kayan tarihi ne, kuma abin da ya sa yake yi wa yara daɗi shi ne ko'ina aka leƙa da abin nunawa da yatsa. Tun daga shiga za su ci karo da ƙyamaren tsofaffin ƙofofin ganuwa, waɗanda ƙato ɗaya ba ya iya ɗagawa. Can ciki ga kayan yaƙi da na hawa, ga hotunan sarakuna da na zuwan Turawa a 1903, ga kayan kiɗan fada. Ɗakin amarya kuwa, da jerensa irin na kakanninmu, nan za ki sha fama kafin ki fito da autar. Ki sa su ɗaga kai su dubi rufin, su ga yadda magina suka harhaɗa azara suka yi bakan gizo ba ƙarfe ba siminti, sannan su dafa bango su ji sanyinsa ko da rana ta take. Wannan sanyin ba ƙaramin abu ba ne ga mai jan yara uku.

Gobarau kuwa abu ɗaya ne tak: hasumiyar ginin ƙasa mai tsayin kusan mita 15, ita ce ta rage daga babban masallacin da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, inda aka yi karatu mai zurfi har Katsina ta yi suna wajen malamai. Kwarjini kam tana da shi. Sai dai ƙaramin yaro zai kalle ta, a ɗauke shi hoto, ya ce "Mama, mu tafi." Daɗinta yana bakin mai ba da labari. In kun dace da dattijon da ya san wurin, zai ba ku labarin da Katsinawa ke bayarwa na gardamar alƙibla, yadda Malam Jodoma ya nuna gabas da sandarsa aka hango Ka'aba. Babban yaronki zai riƙe wannan har girmansa. Matakalar kuma matsattsiya ce, ko an ba da izinin hawa ba zan so 'yar shekara 5 ta hau ba.

Saboda haka mai zuwa Katsina ba ya tsayawa a Gobarau kaɗai. Sai ya haɗa da ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, wanda shi ma ya zama gidan tarihi, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Yaron da ke ganin hoton Sardauna a takardar naira 200 ya tsaya a makarantar da ya zauna, ai ya samu abin faɗa wa 'yan ajinsu. In da hali a ƙarasa Daura a sha ruwan rijiyar Kusugu, a ji labarin Bayajidda da macijiya. To amma kin ga tafiyar ta zama ta kwana ke nan, ga kuɗin masauki, ga nisa, don daga Kano ma sai an ƙara wajen kilomita 170.

Kano daga Zariya kuwa sammako ne, a dawo kafin magariba. Da kun fito Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata ba nisa, yara su ga yadda ake tsoma farin ƙyalle a baba ya fito shuɗi. Kasuwar Kurmi, wadda ita ma tun zamanin Rumfa take, lungunanta a matse suke, a riƙe hannun kowa. Dutsen Dala a bar shi sai la'asar, in ƙafa ta rage.

Illar Kano ita ce cunkoso. Kada ku je ranar Juma'a, don babban masallaci yana nan kusa kuma hanyoyin sukan cushe tun hantsi. Haka ranar Hawan Daushe, Ƙofar Kudu ba ta shiguwa da ƙananan yara. Ku isa da safe, ku riƙe ruwa da 'yan canji na shiga da na mai zagayawa da ku, kuma ku tambaya kafin ku ɗauki hoto a cikin zaurukan. Katsina a ajiye ta zuwa hutun sanyi na wata shekara, lokacin autar ta isa zama a yi mata labari ta saurara.