Sharhi a kan irin gwanda na gida da na saya a Agege

A watan Maris na bara na sayi ƙullin irin gwanda na gida a wurin wani mai sayar da iri a kasuwar Agege, domin in shuka a ɗan filin da nake da shi a Ikorodu. Ya nuna mini na fakiti mai suna Red Lady, wanda wani kamfanin Taiwan ya samar, amma tsadarsa ta sa na haƙura na ɗauki na gida.

Ta fuskar tsiro ba ni da ƙorafi, domin cikin ƙwaya 40 da na zuba a leda, 31 sun fito kafin mako uku. Na yi dashe a kan tudun ƙasa da na tara, saboda ruwan Yuni da Yuli na Legas yana kwanciya, gwanda kuwa saiwarta ruɓewa take yi idan ta daɗe cikin ruwa.

Inda mai irin ya gaza shi ne bai gaya mini cewa irin gida yana fitar da namiji da mace ba, har da mata-maza, kuma ba a iya rarrabe su sai sun fara fure. Da suka kai wata biyar sai na ga kusan rabinsu sun fitar da ƙananan furanni masu yawa a kan dogayen sanduna da ke reto, sauran kuma sun fitar da manyan furanni a manne da jikin itacen. Na farkon su ne mazan, kuma ba sa 'ya'ya. Raina ya ɓaci, har na ɗauko adda da niyyar in sare su gaba ɗaya, sai maƙwabcina, wani dattijo da ya taɓa noman dabino a arewa, ya ce, "Alhaji, ka bar biyu, in ba haka ba matan ma ba za su riƙe komai ba." Ya yi gaskiya, domin daga furen namiji ƙwari ke kwaso garin da ke barbarar furen mace, kuma namiji ɗaya yakan ishi mata goma ko fiye.

Na bar biyu na sare sauran, kuma a wata na goma na fara tsinkar gwanda mai zaƙi, cike da ƙwaya wadda tuni na shanya na ajiye domin shuka ta gaba. Wannan ne ya sa ban yi nadamar sayen ba, ko da yake ramukan da mazan suka cinye asara ce. Bana zan dasa uku a kowane rami, in jira furensu, sannan in zaɓi wanda zan bari.