Turbo na Land Cruiser: buɗaɗɗiyar filta ko bututun sama?

Injin 1HZ na Land Cruiser ba ya zuwa da turbo (na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska) daga kamfani, shi ya sa masu gareji a Garwa da Njamena ke ɗaura masa na kasuwa. Inda ake sa mashaƙar iska ne ke raba gardama da damina.

Buɗaɗɗiyar filta mai siffar mazurari ta fi araha da saurin ɗaurawa. Amma in wuri ya ƙure, sai a sauke ta ƙasa bayan fitila, inda ruwa ke fara isa idan mota ta shiga mayo, wato kogi, a watan Agusta. Turbo kuwa zuƙa yake da ƙarfi. Ruwa ba ya matsuwa, kuma sararin da ke saura a saman fiston na 1HZ kusan mililita 32 ne kawai, kimanin cokali biyu na cin abinci. Ruwan da ya haura haka sai ya lanƙwasa sandar fiston, wani lokaci har ta fasa bulok. Ko feshi kawai na cinye fikafikan turbo, masu juyawa fiye da sau 100,000 a minti.

Rufaffen akwatin filta da bututun da ya hau gefen gilashi ya fi tsada, sai kuma an huda jikin mota. Duk da haka shi muka fi yarda da shi, muddin an liƙe kowace mahaɗa. A gwada: a toshe bakin bututun injin na silo, in bai mutu ba, akwai ɓula.

In mota ta mutu cikin ruwa, kada a sake tayarwa. A cire hita (fulogogin da ke ɗumama inji kafin ya tashi), a juya injin ruwan ya fita, a canja baƙin mai da filta.