Sadaukarwar Rana Ɗaya da Ta Kullum a Labaran Matasa

A ƙagaggun labaran matasa, jarumta takan zo ta fuska biyu. Akwai yarinyar da ke komawa cikin gidan da wuta ke ci domin ta fito da ƙaninta, sadaukarwar da ke sa gaban mai karatu ya faɗi, sai dai marubuci kan same ta a sauƙaƙe, tunda haɗarin ne ke yi masa rabin aikin.

Ɗaya kuwa ita ce ta ɗan shekara 16 da ya bar makaranta domin jinyar mahaifiyarsa, ba tare da kowa ya yaba masa ba. A ganina wannan ta fi wuyar rubutawa, domin dole a nuna haushin da yake haɗiyewa kowace safiya idan tsaransa suka wuce rataye da jakunkunansu.