Wata huɗu ina aiki da bulowa mai batir a Cantonments

Shekara 11 ke nan ina aikin lambu a gidaje uku a unguwar Cantonments ta birnin Accra, kullum daga unguwar Nima nake tasowa bayan sallar asuba. Shida daga cikin shekarun nan na yi su ne goye da injin hura ganye mai fetur, wanda mu 'yan aikin ke kira bulowa. Kafin ya tashi sai ka auna bakin mai kashi ɗaya cikin fetur kashi 50, ka girgiza, ka yi ta jan igiya har kafaɗa ta yi tsami. In ya tashi kuma, hayaƙi a ƙeyarka, ƙara a cikin ƙwaƙwalwarka. Ina komawa gida matata za ta tare ni: "Maigida, tuɓe rigar nan tun daga ƙofa, yara na barci." Har yau kunnena na hagu kukan gyare yake yi da dare.

A watan Nuwamba Hajiyar ɗaya daga cikin gidajen ta sayo mai batir a wani shago kan titin Spintex, saboda mahaifiyarta tana kwance ba lafiya, ƙarar tsohon tana hana ta runtsawa. Na hannu ne, yana cin batir biyu masu volt 18. Na kai shi ƙarshen hunturu, lokacin da dogon yaro ke zubar da ganye kamar ana kaɗa shi, don haka na san halinsa.

Maɓalli kawai za ka danna. Ba igiya, ba jarka, ba wari. Ranar farko ina tsakar hura ganye a gindin mangwaro sai na ji maigadi ya yi mini sallama daga bakin ƙofa, na amsa ba tare da na kashe injin ba. Na daɗe ban ji muryar mutum ina kan aiki ba. Busasshen ganye kan siminti ko ciyawa, nan take yake tara shi.

Inda ya gaza ba zan ɓoye ba. In ka buɗe masa wuta gaba ɗaya, da ƙyar batir ke kai kwatan awa. Jiƙaƙƙen ganye da ya manne a ƙasa sai dai tsintsiya da manjagara. Ranar da dumso, wato ɗauke wutar lantarki, ya kwana, na iske batir ba caji, na yi shara da hannu har azahar. Batirin kuma tsada gare shi.

Ɗan Hajiya da ke karatu a Amurka ne ya fara ba ni labarin yadda ake can. Birnin Washington ya hana amfani da mai fetur tun 1 ga Janairu 2022. Kalifoniya ta yi doka a 2021 don daina sayar da sababbin ƙananan injuna irin wannan daga 2024. Hukumar kula da iskar jihar ta ce awa ɗaya da bulowa mai fetur na gurɓata iska kamar tuƙa Toyota Camry mil 1,100, wato kusan Accra zuwa Kumasi sau bakwai. Wannan hayaƙin na shaƙa shekara shida.

Mu ma ba baƙin dokar shiru ba ne. Kowace shekara sarakunan ƙabilar Ga ta Accra na hana kiɗa da hayaniya na wata guda kafin bikin Homowo, masallatai da coci-coci duk suna rage lasifika. Me zai hana hukumomin Accra su yanka wa bulowa mai fetur lokaci a unguwanni, gwamnati kuma ta sauƙaƙa harajin batir? Ban goyi bayan a hana shi dare ɗaya ba, domin na san samari a unguwar Mamobi da shi kaɗai suke ci da iyayensu.

Mai gida ɗaya ko biyu, ya sayi mai batir, ba zai yi nadama ba. Amma ya haɗa da ƙarin batir biyu tun a shago, ya sa su caji da zarar wuta ta zo, kada ya jira dare.